Daga Hawan Kibo zuwa Taminus: Inda kitsen jini ke sauya hali



Akwai wata tambaya da ba ta ƙarewa a bakin kantin magani. Da zarar an miƙa wa mutum takardar gwaji aka ce masa kitsen jininsa ya hau, ya rage maiƙo, sai ka ji ya ce: "To ai kakata a ƙauye da man shanu take cin tuwo safe da dare, ta haura shekara 80 tana zuwa gona da ƙafarta. Ni da nake auna mai da cokali, me ya kawo mini wannan?" Tambayar tana da ma'ana, kuma tana da amsa. Amsar tana shimfiɗe a kan wata hanya a Jihar Filato, wadda mota ke cinyewa cikin abin da bai kai awa biyu ba. Don haka yau sai ku ɗauko rigar sanyi, mu bi ta tare.

Saman dutse

Wanda ya taso daga Abuja ya bi ta Keffi da Akwanga, zai san ya iso Filato ne idan mota ta fara nishi a Hawan Kibo. Hanya ta riƙa lanƙwasa tana hawa, kunne ya toshe, iskar da ke shigowa ta taga ta sauya. Birnin Jos yana zaune ne a tudun da ya kai kimanin mita 1,200 daga saman teku, duwatsun Shere da ke gabashinsa kuma sun haura mita 1,800. Wannan tsayi shi ne sirrin sanyin da ake ba da labari, shi ne kuma ya sa ƙasar take karɓar amfanin gonar da ba ya yi a Kano ko Sakkwato.

Ana gama hawa sai fili ya buɗe. A wajen Riyom za ku ga duwatsun nan da suka hau kan juna kamar wani ne ya jera su da hannu. A gefensu ga ƙauyukan Birom, gidaje da gonaki kewaye da shingen ƙerana. Acca ake nomawa, da tamba, da masara, da dankalin Turawa wanda mutanen nan suke kira Arish. Mai karatu, ka dubi acca da kyau. Ƙwayarta ba ta fi yashi girma ba, amma kafin ta isa tukunya sai an yanke ta da lauje an sunkuya, an sussuke, an sheƙe, an surfa a turmi, an wanke an rairaye tsakuwa. Matar da ta tuƙa tuwon acca a ƙauye ta riga ta biya kuɗinsa da gumi tun kafin ta kai loma baki.

Abincin da aka fi sanin wannan ƙasa da shi kuwa shi ne gwate. Tsakin masara ko acca ne ake dafawa da ganye mai yawa, alayyahu da yakuwa da gauta, wani lokaci da wake ko ƙashi don ɗanɗano. A gidaje da yawa ko ɗigon mai ba a sa masa. A kan sha shi da zafinsa a tafi gona.

Can nesa da titi, inda ciyawa ta fi yawa, za ku hango rugagen Fulani. A nan rana tana farawa da tatsa. Daga nan maza da samari su kora shanu kiwo, su wuni a tsaye ko a tafe, sai yamma su dawo. Mata su kaɗa nono su fitar da mai, su ɗora ƙwarya a ka su taka zuwa bakin titi ko kasuwar ƙauye, su dawo su ɗebo ruwa su nemo itace. Abincinsu nono ne da kindirmo da man shanu, sai tuwo da miyar kuka. Idan da za a auna abincin ruga da ma'aunin maiƙo kaɗai, da sai a ce babu wanda ya kai su shiga haɗari.

Abin da jini ya faɗa

Wannan ne ya ja hankalin wasu masu bincike daga Jami'ar New Mexico ta Amurka, ƙarƙashin Farfesa Robert Glew, tare da abokan aikinsu na Najeriya. Sun shiga rugagen tudun Jos, suka rubuta abin da mutane ke ci, suka auna jikinsu, suka ɗebi jini. A sakamakon da suka fitar a shekarar 2001, sun tarar kusan rabin ƙarfin da Fulanin ke samu daga abinci daga maiƙo yake fitowa, kuma kusan rabin wannan maiƙon irin mai daskarewa ne, wanda likitoci ke gargaɗi a kansa. Duk da haka kitsen jininsu bai nuna alamar haɗarin ciwon zuciya ba.

A 2004 sai suka fitar da kashi na biyu. A wannan karon maza 55 da mata 77 mazauna birni suka auna, suka kwatanta da na rugar. Mutanen birni ba su kai Fulani cin maiƙo ba. Amma sun fi su cin abinci gaba ɗaya, musamman dangin shinkafa da fulawa da sukari. A ma'aunin kalori, wato ƙarfin da abinci ke ba jiki, namijin birni yana cin sama da 2,000 a rana, na ruga bai kai 1,700 ba. Macen birni tana cin sama da 1,800, ta ruga kimanin 1,500. Na birni sun fi nauyi, sun fi tara kitse a jiki, kuma kitsen jininsu ya fi na mutanen ruga muni. Abu ɗaya ne kawai na birni suka fi su da shi, wato kitsen nan mai amfani da za mu yi bayaninsa yanzu.

Bari mu ɗan tsaya a gefen hanya mu fahimci mene ne shi wannan kitsen jini, wanda a asibiti ake kira kolestarol. Wani abu ne mai kama da kakin zuma, kuma jiki ba ya rayuwa sai da shi. Da shi ake gina bangon ƙwayoyin halittar jiki, da shi ake haɗa sinadaran da ke tafiyar da balaga da haihuwa, da shi hanta ke yin ruwan madaciya mai narkar da maiƙon abinci. Mafi yawansa hantarka ce ke ƙera shi, kaɗan ne ke shigowa kai-tsaye daga abinci. Tunda mai ba ya gauraya da ruwa, sai jiki ya yi masa 'yan dako a cikin jini. Ɗan dako na farko, wanda za ka ga an rubuta LDL a takardar gwaji, shi ke kwasowa daga hanta ya rarraba wa jiki. Idan ya yi yawa sai ya riƙa sauke kaya a bangon hanyoyin jini, shekara da shekaru, har hanya ta ƙuntace kamar kwatar da shara ta cika. Ran da ta toshe a zuciya, shi ne bugun zuciya. Ran da ta toshe a ƙwaƙwalwa, shi ne shanyewar ɓarin jiki. Ɗan dako na biyu, HDL, shi ke bin baya yana kwashe rara ya mayar wa hanta. Akwai kuma na uku da ake aunawa tare da su, tiraigilisarayid, wanda ke hawa idan sukari da fulawa da giya sun yi yawa, ko tumbi ya fito.

To me ya kare mutanen ruga? Abincinsu mai maiƙo ne, amma ba shi da yawa. Abin da ya shiga kuma ba ya kwana, ƙafa ta ƙone shi kafin dare. Jikinsu babu rara, sukari kaɗan ne, soye-soye kusan babu. Wannan ita ce amsar mai tambaya game da kakarsa. Man shanun da ta ci gaskiya ne, amma ta haɗa shi da tafiyar gona da daka da ɗiban ruwa. Jikanta ya riƙe man shanun, ya ƙara da shinkafa da lemon kwalba, ya ajiye tafiyar.

Kada kuma a ɗauka cewa binciken ya wanke man shanu, ko ya ce ƙauye gidan lafiya ne. Ƙarancin abincin ruga wani ɓangarensa rashi ne. Kitsensu mai amfani ya yi ƙasa. Kuma a ƙauyukanmu hawan jini yana kashe mutane ba tare da an taɓa ɗaura musu abin awo a hannu ba, sai dai a ce iska ce ta buge su.

Garin da kuza ta gina

Mu koma mota. Bayan Kuru sai Mararrabar Jama'a, inda hanya ta rabu, ɗaya ta nufi Barikin Ladi da Mangu da Bokkos, ɗaya ta miƙe zuwa Bukuru da Jos. Daga nan za ku fara ganin tarin jar ƙasa kamar ƙananan duwatsu, da tafkuna masu ruwa shuɗi ko kore. Ba halitta ba ce, ramukan kuza ne.

Kuza ce ta haifi Jos ta yau. A farkon ƙarni na 20 kamfanonin Turawa suka dira a kan tudun, har aka jawo layin dogo daga Zariya ya iso Jos a 1914 don kwasar ta. Dubban mutane suka kwararo daga Kano da Katsina da Bauci da Barno da kudancin ƙasar nan, suka haɗu da 'yan ƙasa a bakin rami. Da diga da shebur da kwanon sarki aka yi aikin. Mutum ya wuni yana sara ƙasa, ko yana hawa da sauka da kwano cike a ka. Waɗannan su ne kakannin da yawa daga cikin mazauna Gangare da Dilimi da Bukuru. Mutanen birni ne, amma sun fi manomi zubar da gumi.

Na kawo wannan tarihi ne don mu gane cewa sunan wuri ba shi ke hawar da kitsen jini ba. Jos ta yi shekaru tana birni alhali mutanenta suna aikin ƙarfi. Abin da ya sauya shi ne sana'a. Haƙar kuza ta ja baya, farashinta ya faɗi warwas a kasuwar duniya a 1985. Kafin nan garin ya zama hedikwatar jiha, ya samu jami'a mai cin gashin kanta a 1975. Jikokin masu kwanon sarki suka zama 'yan kasuwa da ma'aikata da direbobi da teloli. Duk sana'o'in zama ne.

Ramukan kuzar kuwa ba su tashi a banza ba. Da ruwansu ake noman rani a yau. Kabeji, karas, latas, koren wake, tumatir da tattasai, duk suna fitowa a bakin waɗannan tafkuna, a wajen Vom ma har da sitiroberi.

Dankali ɗaya, tukunya biyu

Idan kuna son ganin bambancin ƙauye da birni a abu guda, ku bi buhun dankali. Filato ce ke noma mafi yawan dankalin Turawan da ake ci a Najeriya. A Bokkos, inda aka tono shi, a kan dafa shi da ruwa, ko a yi fatensa da ganye, a ci a koma kunya. Buhun nan idan ya iso Jos sai ya faɗa kasko. A fere shi, a yanka siri-siri, a tsoma a mai har ya sha, a haɗa da soyayyen ƙwai. Dankalin bai sauya ba, amma abin da ya shiga ciki ya ninka.

Ku dubi man da ke cikin kaskon masu suya a bakin titi da yamma, na dankali da doya da awara da ƙosai da kifi. Sau da yawa za ku gan shi baƙi, domin tun shekaranjiya ake ƙara sabo a kan tsoho. Tsadar mai ce ta jawo, kuma a gidajenmu ma ana yi. Man da aka yi ta maimaita ƙonawa yana lalacewa, yana haifar da sinadarai masu cutar da hanyoyin jini. Akwai kuma wani nau'in kitse da masana'antu ke daskarar da shi don ya daɗe bai lalace ba, wanda ake samu a wasu nau'o'in bota na gwangwani da biskit da kek da cincin na kanti. Shi ne mafi sharri, domin yana ɗaga LDL ya kuma sauke HDL a lokaci guda. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi kira a 2018 da a kawar da shi daga abinci, kuma dokar da hukumar NAFDAC ta fitar ta taƙaita shi zuwa giram 2 a cikin kowane giram 100 na mai. Sai dai doka tana iya kama kwali mai lamba, ba ta leƙa kaskon unguwa. Wannan aikin uwargida ne.

Sanyin Jos yana da wani amfani da ba a cika lura da shi ba. A watan Disamba ko Janairu, ki shiga kicin da asuba ki dubi kwalaben mai. Man shanu ya zama dutse, manja ya daskare sai an kai shi bakin wuta, kitsen miyar jiya ya yi fari a saman tukunya. Man gyaɗa da na waken suya kuwa suna nan suna zuba, ko da sun ɗan yi kauri. Wannan shi ne bambancin da likita ke nufi. Mai daskarewa shi ke sa hanta ta bar LDL ya taru a jini. Kusan rabin manja irin wannan kitse ne, man shanu ya fi haka, man gyaɗa kuwa bai wuce kashi ɗaya cikin biyar ba. Kuma kada rubutun da ke jikin galan ya ruɗe ki, wai babu kolestarol a ciki. Duk man da aka tatsa daga tsiro dama ba shi da shi. Abin tambaya shi ne wane irin kitse ne a ciki, kuma ludayi nawa kike zubawa.

Farin Gada da Taminus

Da safe ku je kasuwar Farin Gada. Za ku ga kabeji tsibi-tsibi ya fi tsayin mutum, karas da jar ƙasa a jikinsa, kwandunan tumatir har inda ido ya tsaya. Manyan motoci suna lodi zuwa Abuja da Legas da Fatakwal. Da wuya a sami wani birni a ƙasar nan da ganye ya kai nan araha da kyau. Abin mamaki shi ne a gidaje da yawa na cikin garin, kabejin nan ba ya hawa faranti sai ranar biki, shi ma ɗan kaɗan a gefen shinkafa, an lulluɓe shi da farin kirim mai maiƙo. Gwate kuwa wasu sun fara kallonsa a matsayin abincin marasa hali. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Daga nan ku gangaro Taminus, inda kangon babbar kasuwar da ta ƙone a 2002 yake tsaye, 'yan kasuwa sun bazu a titunan da ke kewaye da shi. Ku zaɓi mai shago ɗaya ku bi yininsa. Ya karya a teburin mai shayi da burodi da bota da taliyar leda da ƙwai uku, da shayi mai kauri da madarar gwangwani. Keke ya ɗauko shi daga ƙofar gida ya sauke shi a ƙofar shago. Ya zauna a benci, yaro ne ke miƙo kaya. Da rana shinkafa da miya mai iyo da mai, da lemon kwalba mai sanyi, wanda babbar robarsa ɗaya kan ɗauki sukarin da ya kai ƙwaya 10. Da la'asar masa da ƙuli. Da dare, sanyi ya sauko, sai a tsaya wurin mai tsire, shi kuma don ya kyautata wa mai ciniki sai ya yanko kitse ya ɗora a matsayin gyara. A isa gida kuma ga tuwon uwargida, wanda ba a isa a ƙi ci ba. A duk yinin nan, takun da ya yi bai kai na matar ruga kafin hantsi ba.

Uwargidan ma haka. Injin niƙa ya karɓi aikin turmi, mai ruwa ya karɓi na rijiya, gas ya karɓi na itace. Duk ci gaba ne, babu mai son a koma baya. Amma ba a kawo wani motsi ya maye gurbinsu ba. Ga shi kuma har yanzu muna yaba ƙiba. Idan amarya ta cika ta batse sai a ce gidan miji ya karɓe ta, idan maigida ya ajiye tumbi sai a ce kuɗi sun zauna.

Akwai kuma abin da ya keɓanta da Jos. Tun rikicin watan Satumban 2001 da waɗanda suka biyo baya, unguwanni sun rabu, kowa ya san iyakar inda ƙafarsa ke kai shi da yamma. Rashin zaman lafiya a karkara ya kuma tura iyalai da yawa cikin gari, manoma da makiyaya duka. Wani dattijo da ke zuwa karɓar maganin hawan jini a wurinmu yana cikinsu. Shekarunsa kusan 60, ya tashi a bayan shanu, yanzu yana zaune a gidan ɗansa, an buɗa masa ɗan teburin kayan masarufi a ƙofar gida. Ranar da ya kawo takardar gwajinsa na ga LDL ya yi sama, na tambaye shi abin da yake ci. Ya ce, "'Yata, abin da na saba ci ne, fura da nono da tuwo da man shanu. Sai dai yaran nan ba sa bari in rasa nama da shayi." Na ce, "Baba, tafiya fa?" Ya yi dariya ya ce, "Ina za ni? Daga tabarma sai masallaci, ga shi nan a jikin gida." 'Ya'yansa sun hutar da shi don ƙauna, hutun kuma shi ke neman yi masa illa. Yanzu jikansa ke raka shi zagayen unguwa kowace safiya, bayan maganin da likita ya ɗora shi a kai.

Lamingo: a je a auna

Tafiyarmu za ta ƙare a Lamingo, inda Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos yake, a gindin duwatsun Shere. Na kawo ku nan ne saboda abu guda: hawan kitsen jini ba ya ciwo. Ba ya sa ciwon kai, ba ya sa jiri, ba a ganin sa a fuska. Siriri ma yana iya samun sa, musamman ta gado, domin kimanin mutum 1 cikin 250 ana haifar sa da hantar da ba ta iya kwashe LDL yadda ya kamata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cututtukan zuciya da hanyoyin jini sun kashe mutum miliyan 17.9 a 2019, fiye da kashi uku cikin huɗu a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi irin tamu. Ba ciwon Turawa ba ne.

Gwajin ɗan jini kaɗan ne, ana yin sa a manyan asibitoci da ɗakunan gwaji masu rajista a kowane birni. Wani lokaci za a ce ka zo ba ka karya ba. Ga abin da za ka duba. Jimillar kolestarol ana so ta kasance ƙasa da 5.2, ko ƙasa da 200 idan ɗakin gwajin da ɗaya ma'aunin yake aiki. Idan ta kai 6.2, wato 240, ta hau. HDL ana so ya haura 1.0 ga namiji, 1.3 ga mace. Tiraigilisarayid ƙasa da 1.7. Shi kuwa LDL, iyakar da ake so ta danganta da mutum, domin mai ciwon sukari ko wanda ya taɓa samun shanyewar jiki ana matsa masa fiye da kowa. Duk wanda ya kai shekara 40 ya kamata ya san lambobinsa. Mai hawan jini, mai ciwon sukari, mai shan taba, mai tumbi, da wanda wani nasa ya yi mutuwar fuju'a ko ya shanye da ƙuruciya, kada su jira 40.

Idan likita ya rubuta magani, yawanci daga dangin sitatin ne, irin su atorvastatin da simvastatin da rosuvastatin. Aikinsu rage yawan kolestarol da hanta ke ƙerawa. A matsayina na mai harhaɗa magunguna, ga abin da nake roƙo. Ba maganin zazzaɓi ba ne da za a sha kwana uku a ajiye, idan aka daina kitsen yana dawowa. Simvastatin da dare ake shan sa. Mai ciki ko mai neman ciki ko mai shayarwa ta faɗa wa likita kafin ta fara. Idan aka rubuta maka wani maganin, musamman clarithromycin ko erythromycin, ka sanar cewa kana shan sitatin, domin ba sa jituwa da wasu daga cikinsu. Idan ka ji ciwon tsoka mai tsanani ko fitsari ya yi duhu, ka koma asibiti a ranar. Kuma kada ka sha na maƙwabci don ka ga jikinku ɗaya.

Masu lasifika a tashoshin mota da ke tallan maganin narkar da kitse cikin mako guda, ku bar musu kayansu. Ruwan zafi da lemon tsami ba ya wanke hanyar jini kamar yadda yake wanke kwano. Tafarnuwa da citta suna da daɗi a miya, amma ba sa maye gurbin magani.

Tsarabar Jos

Ba a dawowa daga tafiya hannu rabbana. Tsarabar farko ita ce ƙafa. Abin da masana suka ba da shawara shi ne aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, wato tafiya mai ɗan sauri ta rabin awa sau biyar. Mutumin Jos ba shi da uzuri, garin da za ka yi tafiya da tsakar rana ba ka jiƙe da gumi ba. Na Kano da Sakkwato da Maiduguri su nemi sanyin safiya ko bayan la'asar. A sauka daga keke kafin a iso, a taka sauran. Uwargida ta nemi maƙwabciya su riƙa zagayawa tare, ko a tsakar gida ne. A bar tsofaffi su riƙa motsawa.

Ta biyu ita ce tukunya. A dawo da gwate da fate da dambu mai zogale. A yawaita wake da kuɓewa, domin suna kama wani ɓangare na ruwan madaciya a hanji su fita da shi, sai hanta ta jawo kolestarol daga jini ta ƙera wani. A bar hatsi da 'yar dusarsa. A auna mai da cokali maimakon a tuntsura galan. Man shanu ya zama na ƙamshi, ɗan kaɗan a kan tuwo. A ce wa mai tsire ya riƙe gyararsa. Lemon kwalba ya koma na baƙo.

Babu wanda zai koma ruga ko ramin kuza don neman lafiya, kuma ba a buƙatar haka. Abin da ya kare mutanen can shi ne cin daidai da aikin da jiki ya yi, kuma wannan ana iya yin sa a Rikkos ko Rayfield, a Fagge ko Tudun Wada. Wanda ya karanta wannan shafi bai san lambobinsa ba, ya sa ranar gwaji a cikin wannan wata, ya tafi da maiɗakinsa ko mahaifinsa su auna tare.